Ranar da na ceci cittar Mama daga tururuwa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai taɓa waccan Lahadin da na yi wa gonar cittar mahaifiyata taimakon da ba ta roƙa ba.

Shekarun da aka bar fam da sule aka koma naira ne. Na gama kwalejin horon malamai, an ba ni aji a wata firamare a Kafanchan, na sayi keke da agogon hannu. Duk Juma'a sai in hau keken nan in nufi ƙauyenmu ta wajen Fadan Kagoma, yara na bina suna kiran "Ticha! Ticha!" Ni kuwa a raina gani nake Ubangiji ya aiko ni ne musamman domin in wayar da kan mutanen gidanmu.

Mama tana da wata 'yar gona a bayan gida inda take shuka citta. Irin cittar nan ba na kasuwa ba ne. Uwarta ce ta zuba mata shi a kwando ranar da aka kai ta gidan Baba, kuma tun daga nan kowace shekara sai ta ware na shuka kafin a yanka sauran a shanya. A wajenmu abin faɗa ne mace ta rasa irinta har ta shiga gidaje tana roƙo. Mama ba ta taɓa yi ba, kuma ba ta gajiya da tuna wa mutane haka.

A shekarar, ruwan farko na sauka ta shuka, ta lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa da ganye kamar yadda ake yi, don danshi ya zauna, rana kuma kada ta ƙona idon citta. Bayan mako uku na zo gida, na zagaya duba gona hannu a baya kamar sufeto. Na sa ƙafa na ɗaga ciyawar, sai ga baƙaƙen tururuwa fal, suna kai da komo da fararen ƙwayayensu. Biyu suka haura cikin wandona suka gaishe ni yadda ya kamata.

Na ruga wajen Mama ina susa. Na ce mata ƙwari sun cinye gona tana zaune.

Ko kai ba ta ɗaga daga kan accan da take tankaɗewa ba. Ta ce, "Ka ga sun ci citta? Gara suke nema a cikin ciyawa. In sun dame ka, zuba toka a gefe."

Toka! Ni da na yi shekara biyar a kwaleji, har da zanen ƙwari a littafi. Gaskiya ban tuna ko akwai tururuwa a zanen ba, amma wannan ƙaramin abu ne ga mai satifiket.

Ranar Lahadi da safe na ce kaina na ciwo. Mama ta ɗaura ɗankwalinta na zumuntar matan majami'a, ta yi mini addu'a, kowa ya tafi sujada. Suna ɓacewa ciwon ya warke. Na juye kananzir ɗin fitilun gidan duka a gwangwani, na bi gonar ina yayyafawa layi-layi, tsaf, kamar mai ja wa ɗalibai layi a allo. Kwana huɗu ba a yi ruwa ba, ciyawar ta bushe ƙayau. Na ƙyasta ashana.

Dabarata ita ce wuta ta lashe sama ta kashe tururuwa, citta kuma tana ƙasa lafiya. Abin da ban sani ba, tun da ban taɓa durƙusawa na shuka ko ɗaya ba, shi ne citta ba ta da nisa a ƙasa, kuma ta riga ta fara fito da kai a ƙarƙashin ciyawar. Masu nisa a ƙasa su ne tururuwa.

Hayaƙi ne ya taso da mutane daga majami'a kafin a yi albarka. Mama ce a gaba, matan zumunta a baya, har da mai ɗauke da tulun kiɗa. Suka same ni tsaye a bakin baƙar ƙasa, gwangwani a hannu, unguwa duk ta gauraye da ƙamshin gasasshiyar citta.

Mama ta durƙusa ta tono ɗaya. Ta matsa shi, ya lotsa. A gida da yarenmu take mana magana, amma in tana so kowa ya ji sai ta juya Hausa. Ta ce, "Ku zo ku gani, Ticha ya dafa mana citta. Saura sukari." Wata tsohuwa ta nuna ƙasa da sandarta ta ce, "Amma abokan faɗan naka suna nan kalau, Ticha." Na duba. Ga su nan suna fitowa daga ramukansu a jere, suna bi ta kan takalmina, ba wadda ta ko rame.

Aka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Mama ce kaɗai ba ta yi ba.

Washegari da sassafe ina ɗaure kaya a keke na gan ta ta fito da wani tsohon kwando wanda bakinsa ya cinye. Na gane shi. Na ce, "Mama, bari in sayo miki iri a kasuwar Kafanchan." Ta dube ni ta ce, "Na uwata ake sayarwa a can?" Ta ɗora kwandon a ka, ba komai a ciki, ta nufi gidan maƙwabta. Na tsaya ina jin sallamarta daga wannan ƙofa zuwa waccan, muryar da ban taɓa jin ta yi ƙasa haka ba. A nan ne kunya ta kama ni da gaske, na yi kuka a kan keke har na kusa tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan.

Yau ni ma ina da lambu, da ciyawa a kai, da tururuwa a ciki. Ina zuba toka a gefe in wuce. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kafin ka ce za ka ceci abin wani, ka tambayi mai shi ko yana cikin haɗari. Tururuwa sun shekara talatin a gonar Mama ba su taɓa irinta ba. Ni da ilimina rabin awa ya ishe ni.