Birkin Jif Ɗin Yaya

A shekarar da yayana ya sami kwangilar kai abincin kaji wata babbar gona, rufin ɗakin Mama a gidanmu na Samaru yana yoyo, amma abin da ya fara saya jif ce. Baƙa ce, 'yar Kwatano, ƙatuwa, kujerunta layi uku. Ranar da ya kawo ta sai da mai shayin bakin layinmu ya janye bencinsa kafin ta iya shigowa. Bai bar ta yadda ta zo ba. Ya kai ta wurin masu walda suka ɗaura mata wani ƙarfe a gaba kamar ƙofar shago, suka ƙara wani a baya, suka yi mata ragar ɗaukar kaya a sama. Ya cire tayoyinta ya sa masu faɗi da tsawo. Ya sa hon irin na tirela. Duk wannan hidima, ba wanda ya leƙa birki.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare, kuma ni ke raka Mama asibitin Shika duk wata saboda hawan jini da suga. Da can bas muke shiga. Da jif ta zo, Yaya ya ce ba zai yiwu mahaifiyarsa ta ci gaba da matsuwa a bas ba, shi zai riƙa kai ta. Mama ta ji daɗi ƙwarai. Har a taron zumuntar mata na coci sai da ta faɗa.

Wata rana da damina muna dawowa daga Shika, Mama da ni muna baya, shanu suka fito daga cikin gona za su ƙetare titi. Akwai tazara mai yawa, ko ɗan koyo ne zai iya tsayawa. Yaya ya taka birki, motar ta ci gaba da tafiya abinta. Ina kallon ƙafarsa, ya saki ya sake takawa, ya sake, har ya miƙe daga kujera. Da ƙyar ta tsaya, ƙarfen gaban yana gogar haƙarƙarin wata saniya. Goshin Mama ya daki bayan kujera, tabaranta ya karye. Warin ƙonewa ya cika motar. Yaya ya sauke gilas ya hau zagin makiyayin.

Da muka isa gida na same shi a tsakar gida na ce, “Yaya, motar nan ba ta da birki.”

Ya ce, “Wa ya faɗa miki? Ba ga shi ta tsaya ba?”

“Ta tsaya bayan ta ga dama. Ka dubi goshin Mama.”

“Wannan laifin mai shanu ne. Ke dai kin saba da ƙananan motoci. Babbar mota ba a tsayar da ita kamar keke.”

Na yi ta bin sa da maganar har ya gaji da ni. Ranar da zai tafi Abuja da motar wani abokinsa, ya jefo mini makulli ya ce in na matsu in kai ta da kaina, shi dai ya san lafiyarta lau. An yi hutun makaranta, kuma na iya tuƙi, mijina ya koya mini da tsohuwar motarsa kafin ta mutu. Na ɗauki jif ɗin a hankali, na bi ta Kwangila ina addu'a kada wani ya gitta mini, har na isa Sabon Gari.

Makaniken da mijina ya kwatanta mini wani dattijon Bayarabe ne a ɓangaren Muchia, haifaffen nan, Hausarsa ba ta da maraba da tamu. Garejinsa fili ne kawai da inuwar mangwaro. Ya ɗaga motar, ya cire tayar gaba, ya kira ni in gani. Ya nuna mini faifan birki, wato faffaɗan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, ya siranta, ya yi zane-zane kamar an ja masa ƙusa. Ya nuna mini fad, abin da ke matse faifan in an taka, ya kusa cinyewa, kuma ma tun asali mai arha ne.

Ya ce, “Malama, ko sabo na sa miki irin wannan, ba zai ishe ta ba. Birkin nan an yi shi ne don nauyin da ta zo da shi. Ki dubi ƙarfen da aka jibga mata, ki dubi tayar nan. Ga shi kin ce ana loda mata buhuna a sama. Sai dai a cire ƙarafan, ko a ƙara girman birkin.”

Na san Yaya zai fi yarda a cire masa haƙori da a cire ƙarfen nan. Na ce a ƙara girman birkin.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Akwai wata samfurin motar, kamfani ɗaya, wadda faifanta na gaba ya fi girma da kauri, ita ya ce mu nemo kayanta. Muka shiga layin masu kayan gyara tare, shago bayan shago. Wani ɗan Ibo ya ce yana da faifai amma ba shi da abin da ke riƙe fad ɗin, wanda suke kira kalifa. Wani yana da kalifa, amma gefe ɗaya. A ƙarshe na farkon ya buga wa ɗan'uwansa waya a Kaduna, yana ta ihu cikin Buroka saboda sabis na yankewa, aka turo sauran ta tasha. Na yi kwanaki ina zarya tsakanin Samaru da Sabon Gari, ina zama kan wata tsohuwar kujerar mota da aka ajiye gindin mangwaro, zanena duk ya sha baƙin mai. An sa manyan faifai, an sa fad mai kyau gaba da baya, an canza tiyon roba da suka tsufa suka kumbura, an zubar da tsohon man birki da ya koma kamar ruwan shayi. Wajen fitar da iska ni na zauna a kujerar direba, dattijon yana ƙarƙashin mota yana cewa, “Taka, taka, taka. Riƙe! Kada ki saki!” Ƙafata ta yi tsami har washegari. Albashina ne ya tafi a ciki, ban kuma yi nadama ba a lokacin.

Muka fita gwaji ta hanyar Jos. Na ɗan taɓa birki kawai, motar ta amsa. Ban san lokacin da na yi dariya ba. Dattijon ya ce a bi ta a hankali kwanakin farko, kada a riƙa cakawa da ƙarfi, har fad ya zauna daidai kan faifai. Ya ƙara da cewa a faɗa wa mai ita ya riƙa duba madubi, don yanzu za ta riga na bayanta tsayawa.

Na faɗa wa Yaya duka biyun ranar da ya dawo. Ya shiga, ya fita titi, ya ba ta wuta, ya caka birki. Tayoyi suka yi ƙara, motar ta tsaya cak. Ya leƙo ta taga yana washe baki ya ce, “Kai! Ashe haka motata take?” Bai ce sannu ba.

Daga ranar Yaya ya sami abin wasa. In ya hango abokansa zaune a majalisa, sai ya nufo su da gudu, su watse, ya tsaya daf da bencin, kowa ya yi ta dariya. Ya yi haka a ƙofar coci bayan an tashi sujada, yara na fitowa. Na ji shi da kunnena yana ba wani labari wai shi ya sa aka kawo masa birki na musamman daga waje. Gudun da ba ya yi da, saboda a ransa ya san motar ba ta tsayawa, yanzu ya fara yi. Na yi masa magana, ya ce ba ni na ce a gyara ba? To an gyara, me kuma nake so?

Ranar asibitin Mama ta zagayo. Muna tafe da safe, daidai kasuwar Samaru, titi cike da bas da 'yan acaɓa da ɗalibai masu saurin shiga lacca. Yaya ya ɗauko wani abokinsa a gaba, wanda bai taɓa ganin sabon birkin ba. Na ji yana ce masa, “Bari ka gani.” Ba kowa a gabanmu. Ba akuya, ba yaro, ba rami. Ya taka totur, sannan ya caka birki haka kawai. Na riƙe Mama da hannu biyu. Sai muka ji wani abu ya daki bayan motar, gaf.

Ɗan acaɓa ne, magidanci mai furfura kaɗan a gemu, ya ɗauko wata mata da kwandon tumatir. Yana bin mu a baya kamar yadda kowa ke bin kowa a wannan titin. Gwiwarsa ce ta haɗu da ƙarfen da aka ɗaura a baya. Matar ta faɗa gefe, Allah ya taimaka ƙujewa kawai ta yi, tumatir ya watse a kwalta. Shi kuwa yana kwance yana riƙe da ƙafa, wandonsa ya jiƙe da jini, ba ya ko iya kuka.

Yaya ya fito, ya wuce mutumin, ya je ya duƙa yana duba fitilar baya.

“Makaho ne kai? Ba ka ga mota ba? Wanda ya daki baya shi ke da laifi, kowa ya sani!”

Na ce, “Yaya, me ka tsaya wa? Faɗa mini abin da ka tsaya wa!”

Ya juyo kaina a gaban taron da ya fara haɗuwa ya ce, “Ke za ki yi magana? Ba ke kika je kika sa wa mota birkin da ya fi ƙarfinta ba? Da yadda take aka bar ta, da wannan bai faru ba.”

'Yan acaɓa sun fara kewaye mu, wasu suna buga bodin motar. Mama ce ta buɗe ƙofa ta sauko, ita da ba ta saukowa sai an riƙe ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa Yaya, “Babba, buɗe bayan motar nan a sa bawan Allahn nan.” Ya fara cewa kujerun za su ɓaci. Ta dube shi kawai. Ya buɗe.

Haka muka isa Shika, mutumin yana kwance a kujerar tsakiya, kansa a cinyata, na ɗaure masa gwiwa da ɗankwalina. Ƙashin ya tsage. Mama ba ta ga likitanta ba ranar, muka wuni a ɓangaren haɗari har 'yan'uwansa suka zo daga Jushi. Yaya ya biya kuɗin ɗori saboda Mama na tsaye a kansa, amma bai shiga ya dubi mutumin ba, yana waje yana waya.

Na ɗauka abin zai sa ya yi sanyi. Bayan mako guda sai ga jif ta shigo layi da sabon rubutu a gilas ɗin baya, manyan haruffa ja, an ba mai fenti aiki: HATTARA, BIRKI MAI ƘARFI. Ya tsaya yana nuna wa mai shayi. A wurin dangi kuma labarin da ya bazu shi ne na taɓa motar da ba tawa ba na jawo masa asara. Wata gwaggonmu har gida ta zo ta yi mini faɗa, wai mace ba ta shiga harkar gareji, in nemi gafarar yayana. Na ce mata ba zan nema ba. Ta ce na yi taurin kai tun ina yarinya. Na ce to.

Da wata ya zagayo, Yaya ya zo da safe ya yi hon a ƙofar gida. Mama ta riga ta shirya, tana zaune da katin asibitinta a jaka. Ta ce in je in faɗa masa ya tafi harkokinsa, ita bas za ta shiga. Ya shigo da kansa yana tambaya ko ni na zuga ta. Ta ce ba wanda ya zuga ta, tana so ne ta isa asibiti da ciwon da ta fito da shi kawai. Ya fita ransa a ɓace, ya daɗe bai yi mini magana ba. Muka koma bas, ni da ita, har ƙarshen rayuwarta.

Ɗan acaɓan ya warke, amma ƙafar ba ta ƙara lanƙwasuwa sosai ba, bai iya komawa kan babur ba. Ya buɗe teburin sayar da man inji da facin taya kusa da kasuwa. In na wuce yakan gaishe ni, ya tambayi jikin Mama, ni kuma in tsaya mu ɗan taɓa hira. Sau ɗaya ya tambaye ni abin da Yaya ya gani a gabansa ranar nan har ya tsaya. Na faɗa masa gaskiya, na ce ba komai. Ya ci gaba da goga robar da ke hannunsa.