Lailatu, Mai Kai Mata Awo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekarar da fara ta sauka Dakoro ta cinye hatsi tun yana tsaye, a ita muka kai ki ɗakin Halidu, Lailatu ɗiyar ƙanena. Bana kuma, ranar Talata sha ɗaya ga Safar, da hantsi, muka kai ki makwanci. Ni ke riƙe da sunayen mamatan unguwarmu a ka, kuma ban so naki ya riga nawa ba.

Kina amarya a cikin yunwar nan kika riƙa jiƙa anza, ƴaƴan itacen daji, har ɗacinta ya fita, ki aiko mani kafin ki ci. Daga baya kika ɗauko aikin da ba wanda ya sa ki: ran kasuwa ki cika amalanke da matan Korahane, ki kai su gidan likita a duba su. Namijin da ya hana, ki je ki zauna ƙofar gidansa. "Malam, ni ba ni da gaggawa, fura ma na zo da ita." Duk wanda aka yi wa haka sai ya haƙura.

Zan faɗi sunan ciwon, ko tsofaffi ƴan'uwana sun ji kunya: sankarar bakin mahaifa. Ke da kika riga kowa zuwa awo! Tun ran Talata na kasa zama wuri guda. In na shimfiɗa tabarma sai in naɗe.

Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma da muka kai ki Yamai na ƙi tashi daga gaban lokotoro, likitan da ya duba ki, sai da ya yi mani bayani da Hausa. Ya ce cikin naman jiki akwai masu gadi, ido ba ya ganinsu, su ke hana tsoka tohowa ba tsari. Ga yawancin mata, wata ƙwayar cuta ke shiga ta ɗaure masu gadin, kuma awo kan kama ɓarnarta da wuri. Ke ba a samu ƙwayar ba. Mai gadin ne ya lalace da kansa, ciwon ya ɓuya can ciki. Irin naki, in ji shi, ba shi da yawa.

Na ce, "To, laifin wa?"

Ya ce, "Baba, ba na kowa ba."

Har yau wannan amsa ba ta kwanta mani ba. Amma na riƙe ta.

Ga abin da ke cina. Ɗiyata Ma'u, da kika kai kafin ki kwanta, ungozoma ta ga wani tabo, ta ce ta komo a yi magani tun yana ƙarami, amma Ma'u ta ƙi komawa. Jiya wurin zaman makoki ta ce mani, "Baba, wadda ta kai mu tana ina yanzu?" Matan da ke gefenta duk suka gyaɗa kai. Na yi ta maimaita zancen masu gadi, ta ce tsufa ya maishe ni lokotoro. Ta ji haushi in ta so, na faɗa a fili.

Allah Ya jiƙan ki, Lailatu. Ya sa jinyar nan ta zame maki kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinki. Halidu, da ke ɗiyarta Firdausi da ƙannenki, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya ku bisa halinta.

Gobe in na sallame asuba zan ɗaura wa jaki amalanke, in tsaya gidan Ma'u. Tun tana goye nake ɗaukarta. In ta ƙi hawa, ni zan tafi gidan likita, in shiga layin mata in riƙe mata wuri, garin nan duka ya zo kallo, har kunya ta kawo ta.