Uchechi Da Mai Leƙen Ranar Juma'a

Ƙarfe bakwai da rabi Uchechi take buɗe ƙofar shagon ƙungiyarmu a Herwagana, kuma ban taɓa ganin ta taɓa kwamfuta kafin ta yi shara ba. Sai ta share, ta yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ta gaida mai ƙosai, sannan ta ja kujerar robar nan da aka ɗaure wa ƙafa da waya ta zauna. Daga nan sai ta buɗe shafin da take kira dashbod. A nan ne shagonmu na intanet yake nuna mata mutum nawa suka shigo jiya, daga wane gari, me suka kalla, minti nawa suka yi, me ya fita, me kuma ya ƙi motsi. Shekara biyar ke nan haka safiyarta take. Ƙarshen watan nan za ta bar Gombe, kuma tun yanzu na fara kewarta, shi ya sa na ɗauki biro.

Ni ce Kadijatu, tsohuwar malamar firamare, sakatariyar ƙungiyar. Mu ashirin da uku ne, yawancinmu matan da rikici ya koro daga garuruwansu, masu ɗinkin zanen gado da saƙar kayan jarirai da haɗa sabulu. Uchechi kuwa haifaffiyar unguwar nan ce, babanta Vitalis yana sayar da kayan gyaran mota a Bolari. Shekarar da bam ya tashi a tasha, danginsu suka tattara suka koma kudu, ita ta ce ba za ta bar tsoho shi kaɗai ba. Ita ta buɗe mana shagon a 2015, lokacin da rabinmu ba mu san inda ake kunna kwamfuta ba. Ba zan ɓoye ba, da farko na ɗauka wasan yara ne. Sai da na ga abin ya yi kama da rajistar aji, wadda na yi shekara talatin ina kira, sannan na saki jiki da shi.

Da wannan shafi ta gane cewa mutanen Abuja sun fi sayen kayan jarirai a ƙarshen wata. Da shi ta gane cewa hoton da aka ɗauka a cikin ɗaki ba a daɗewa a kansa, ta koma ɗaukar hotuna da safe a gindin dogon yaro. Kuma ba ta jin nauyin faɗa wa mutum gaskiya. Ni kaina ta taɓa ce mini, "Malama, sabulun nan naki mai kore, mutum arba'in sun kalla sun gudu. A rage kalar nan, don Allah." Na yi fushi kwana biyu, sannan na rage. Amma duk wannan ba shi ya sa nake jinjina mata ba. Labarin Mama Hilda ne.

Mama Hilda daga wani ƙauye a bayan Michika ta fito. Ranar da suka gudu, a wajen tsallake rafi jama'a suka rabu biyu, ita ta bi wasu, 'yarta Jummy mai shekara goma sha tara ta bi wasu. Tun daga ranar ba ta sake jin ɗuriyarta ba. Ta je sansanonin Yola, ta ba da sunanta a majami'u, ta tare direbobi a tasha tana kwatanta musu yarinya doguwa mai wushirya. Da ta gaji sai ta zauna ta riƙe allura. Ɗinkinta ba ya ɓuya: jerin zabi a gefen zanen gado, kowace zabuwa ta waiwayo tana kallon ta bayanta. Ta ce a wajen kakarta ta koya, kuma Jummy kaɗai ta koya wa.

Akwai wani zanen gado nata mai ruwan toka da ya yi wata biyar a saman shafinmu ba a saya ba. A taron wata na miƙe na ce a sauke shi a sa abin da ke tafiya. Ni na fi kowa ɗaga murya, har da buga tebur. Uchechi ta ce a ba ta wata ɗaya, ba ta faɗi dalili ba. Na ce mata ƙungiya ba gidan babanta ba ce. Sai da kowa ya watse ta kira ni.

"Malama, zo ki gani," ta ce, tana nuna mini wani layi. "Waya ɗaya ce, daga Garwa ta Kamaru. Duk Juma'a tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu. Ba ta kallon sabulu, ba ta kallon komai, sai zanen Mama. Mako goma sha huɗu ke nan."

"Wani tela ne yake son kwaikwayon ɗinkin," na ce.

"Mai kwaikwayo sau ɗaya zai ɗauki hoto ya tafi abinsa. Kuma ki duba lokacin. Wa yake riƙe da waya sa'ad da maza suke masallaci?"

Na ƙara matsowa kusa da kwamfutar. Ta ce, "Ina jin wayar aro ce. Mai ita yana ajiyewa ya tafi salla, wani ya ɗauka."

Nan take Jummy ta faɗo mini a rai. Na ce mu je mu gaya wa Mama Hilda yanzu-yanzu. Ta riƙe mini hannu. "A'a, Malama. In na sa mata rai kuma ya zama ba ita ba ce, da wane ido zan kalle ta?"

Shafin ba ya ba da sunan mai leƙe, ba ya ba da lambarsa. Ba ka da hanyar yi masa magana sai ta abin da yake zuwa kallo. Don haka washegari Uchechi ta ce wa Mama Hilda masu saye suna son ganin hannun mai aiki, ko za ta yarda a ɗauki nata a kuma sa sunanta. Mama ta yi dariya ta ce, "Sa mana, 'yata, wa ya san ni?" Aka ɗauki hoton hannayenta riƙe da zanen, ga ɗan yatsanta na hagu da injin niƙa ya taɓa lanƙwasawa ya fito sarai. A ƙasa Uchechi ta rubuta da Hausa da Turanci: "Mama Hilda ce ta ɗinka wannan a bana. Tana nan lafiya a Herwagana, Gombe. Mai son magana da ita ya kira wannan lamba." Lambar wayarta ta kanta ta sa.

Ranar Juma'a na yi sallata a cikin shago, na dawo na zauna kusa da ita. Ɗaya da minti goma mai leƙen ya shigo. Muka zuba wa wayar ido. Minti ashirin da shida ya yi a kan hoton, sannan ya fita. Wayar ba ta yi ƙara ba. Juma'a ta zagayo, bai zo ba. Wata ta sake zagayowa, shiru. A makonnin nan Uchechi ta rame, abinci sai ta tsakura ta ture. Kullum Mama Hilda tana gefe tana ɗinki tana tsokanarta wai ko saurayi ne ya daina kira, ita kuma tana murmushin dole. Wata rana Uchechi ta ce mini, "Malama, ko na tsorata ta ne? Da na bar hoton yadda yake, da aƙalla tana zuwa." Ni ma tunanina ke nan.

Ranar wata Talata da hantsi wayar ta yi ƙara da lambar waje. Namiji ne, Hausarsa da Fulatanci a ciki. Ya ce sunansa Bamanga, tela ne a Garwa. Akwai wata yarinya 'yar Najeriya da take taya matarsa aiki, mako biyu tana kwance da zazzaɓi ba ta magana, sai jiya ta faɗa wa matarsa abin da ta gani a wayarsa. "Ta ce ita ba za ta iya kira ba," in ji shi. "To ni na kira. Matar nan da gaske tana da rai?"

Uchechi ta tashi ta durƙusa gaban Mama Hilda. "Mama, ajiye allurar. Ana son magana da ke."

Mama ta kara wayar a kunne ta ce, "Wa ke nan?" Ba mu ji abin da aka ce a can ba. Mun dai ga zanen ya zame daga cinyarta, sannan ta kira sunan Jummy da ƙarfin da ya sa mai ƙosai ta shigo a guje. Sauran maganar da yarensu suka yi ta, babu wadda ta fahimta a cikinmu, kuma babu wadda ba ta yi kuka ba.

Kwana tara bayan haka matar Bamanga ta rako Jummy har Gombe. A bakin Jummy muka ji sauran labarin. Tun a hanyar gudu wani ya ce mata ya ga gawar uwarta. Da ta ga zanen a wayar maigidan, lokacin da matarsa take neman sababbin samfurin ɗinki, sai ta ɗauka cikin kayan da aka kwashe daga gidansu ne ya bi hannu har ya kai kasuwa. Ba ta kira ba don kada a ce mata a gwanjo aka sayo shi. Ta ce ita dai takan buɗe ne ta kalli zabin, ta rufe kafin a sakko daga masallaci. Da ta ga yatsan nan kuwa, tsoro ne ya kwantar da ita, kada ya zama tsohon hoto ne ta sake yin makoki.

Uchechi, ke ce kika ga mutum a inda ni na ga kayan da ya ƙi sayuwa. Ke kika sha faɗana a gaban jama'a kika haɗiye, ke kika ɗauki nauyin nan mako da makonni ba ki sauke wa tsohuwa shi ba. 'Yar Vitalis, mai ido a kan layi, ban taɓa ba ki haƙuri a kan maganar gidan babanki ba. Ga shi ina bayarwa a gaban duk mai karanta wannan. Babanki ya tsufa, ya ce yana son ya ƙarasa kwanakinsa a garinsu, kuma kin ce ba za ki bar shi ya tafi shi kaɗai ba. Ba mu da bakin hana ki. Amma wallahi Herwagana za ta yi mana faɗi, kuma ban san wa zai riƙa gaya mini gaskiya a kan sabuluna ba. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya kai ku lafiya.

Ku kuma masu aiki da irin waɗannan shafuka, matasan Gombe da na ko'ina, ku yi koyi da ita. Ku duba abin da ya sayu, wannan aikinku ne, amma ku riƙa tsayawa a kan layin da bai yi muku ma'ana ba, ku tambayi kanku wane ne a bayansa.

Tun daga wancan lokaci kowane kaya a shagonmu da hoton hannun mai shi da sunan garinsu yake fita. Mata goma sha ɗaya a cikinmu, har da Maman Danny mai saƙar huluna, suna da wanda suke jira, kuma gaskiya har yau ba a sake dacewa ba. Wata uku ke nan Uchechi tana koya wa Jummy aikin, ita za ta gaje ta. Jiya na tarar da Jummy ta ƙura wa kwamfutar ido, abincinta ya huce a gefe. Na ce ta tashi ta ci, shafin ba guduwa zai yi ba. Ba ta ko ɗago ba.

"Malama, akwai wani daga Diffa," ta ce. "Sau huɗu ke nan yana buɗe hular da Maman Danny ta saƙa. Kada a sauke ta. Tsoron kira yake ji, na san yadda abin yake."