Gwangwanin Da Aka Ba Sunan Ɗan Fari

Lokacin da nake takabar Malam bazara ce, wuta kuma ta yi mana ƙaura. Kullum bayan azahar sai in ga kwanon sha a kan katangar da ta raba gidanmu da na Yaya Batul, an rufe shi da faifai, ƙanƙara na narkewa a ciki. Ba ta taɓa cewa ga shi ba. Ni ma sai dai in wanke kwanon in mayar inda na gan shi.

Haka halinta yake. A Kusfa aka haife ta, a Kusfa aka kai ta ɗakin miji. Da zoɓo da kunun aya ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar maigidanta, har babbansu, Muntasir, ya gama karatu ya sami aiki a Abuja. Ni ce nake faɗin sunan nan. Ita ban taɓa jin sa a bakinta ba, don ɗan fari ne, kuma kunyarta irin ta mutanen da ce. "Mutumin Abuja" take ce masa, in ya ɓata mata rai kuma "wancan". In ya shigo gaishe ta, tabarma take kallo.

Bara ciwon suga ya haɗu mata da hawan jini, likita ya ce ta guji zafi. Sai Muntasir ya zo da masu aiki, suka jera farantan sola a kan rufi, suka ajiye batir a ɗan ɗakin da take zuba gero.

"Gwaggo Rakiya, gidan nan yanzu wayo gare shi," in ji shi. "In babu motsi a ɗaki, da kansa zai kashe fanka da fitila, don batir ya ishi firjin maganinta. Duk abin da aka kunna ina gani a wayata."

Na ce, "To in mutum na ciki, bai dai motsa ba?"

"Sai ya yi magana." Ya nuna wani ɗan abu kamar gwangwanin madara a kan wata 'yar kanta. "A kira sunansa, a ce kunna fanka."

"Ikon Allah. Shi ma suna gare shi?"

Ya yi dariya yana sosa ƙeya. "Nawa na ba shi. Ya fi na Turawa daɗin faɗa."

Ni ban yi dariya ba, don na ga satar kallon da ya yi wa uwarsa. Mutum har furfura ta fara leƙo masa a gemu, bai taɓa jin ta kira shi ba. Ita kuwa ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Kafin ya tafi ya liƙe tsoffin makunnan bango da salatif, ya ce in an taɓa su tsarin zai rikice.

Abin da bai lura da shi ba, Yaya Batul mace ce mai zama wuri ɗaya. In ta idar da salla ta ɗauki carbi, yatsunta kaɗai ke motsi. Sai fanka ta ɗauka ba kowa, ta tsaya, kuma ba ta tashi sai an roƙe ta. Daga nan sai in ji bugun ludayi a jikin katanga.

"Rakiya, zo ki yi wa ɗanki magana."

"Haba Yaya, gwangwani ne fa, ba shi ba ne."

"Sunan ai nasa ne."

"To bari in ce wa Muntasir ya sauya sunan."

"Ki ce masa me? Ya zubar da guminsa a kaina, ni kuma in tsaya tsirfa? Ke dai faɗa masa, zan dahu."

Sai in faɗa, fanka ta tashi, ita kuma ta kau da kai kamar an shigo da suruki.

Daga nan na rage fita. Ko kasuwa na je, hankalina na gida. Allah ya yafe mini, har a cikin salla kunnena na jikin katanga. Na sha ɗaukar waya in gaya wa Muntasir a ɓoye, sai in tuna fuskarta, in ajiye.

Ana cikin tsakiyar zafi ƙanwar Malam ta rasu a Tukur-Tukur, ba yadda za a yi in ƙi zuwa. Na bar ta da safe fanka na juyawa, na ce ta riƙa ɗaga hannu lokaci-lokaci. A gidan makoki ana ta addu'a, ni ina kallon yadda rana ke dukan kwanon rufi. Da aka kira azahar gabana ya faɗi, don na san za ta ɗauki carbi. Ban sami Keke Napep ba sai bayan la'asar, daga bakin titi kuma na ƙarasa da sassarfa irin wadda na manta ƙafata ta iya.

Ko sallamar kirki ban yi ba na ɗaga labule. Tana kwance a ƙasa, zaninta sharkaf, leɓunanta sun bushe. Amma fanka na juyawa.

Na ba ta ruwa, na tallafo kanta. "Wa ya shigo?"

"Babu."

Na dubi salatif ɗin bango, yana nan yadda yake.

"Numfashi ne ya gagare ni," ta ce, ba ta dube ni ba. "A hankali fa na faɗa. Ban zaci zai ji ba."

Wayarta ta hau ƙara, ta kife ta a kan tabarma. Wayar na yin shiru tawa ta ɗauka a cikin jaka. Na ciro, Muntasir ne. Ta kama mini hannu da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. Ta fi kowa sanin bakina bai iya ƙarya ba.

"Ya gani a wayarsa," ta ce. "Zai tambaye ki wa ya kunna. Don Allah, Rakiya, ki ce masa ke ce."