Hoton da Muka Manta a Bango

Haɗeja, ƙarfe biyar da rabi

Ina sallame sallar asuba na fita, ko karyawa ban yi ba.

Sati biyu ke nan da ambaliya ta kore mu daga ƙauyenmu, muka raɓe a gidan kawuna. Tun ranar kakana ya ƙi abinci. Ba shinkafarsa da ruwa ya shanye ce ke damunsa ba, hoto ne. Yana saurayi ya taɓa haye da wani ɗan takara a kwalekwalensa, tsohon malamin makaranta, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa har sojoji suka sauke shi. A bakin ruwa aka ɗauke su tare. A gudun ambaliya muka bar hoton a bango. Maza duk suna can suna tare kogi da buhunan ƙasa, sai na ce ni zan je.

"Amarya, ke da ko kududdufi sai kin kewaye?" in ji Kaka.

Adaidaita ta sauke ni a ƙarshen kwalta shida da kwata. Daga nan acaɓa, kilomita bakwai cikin taɓo.

Bakin ruwa, bakwai da rabi

Na sayi ƙosai na kasa ci. Mai kwalekwalen, wani dattijo, ya dube ni.

"'Yata, mutane fitowa suke, ke shiga?"

"Hoto zan ɗauko, Baba."

"Na shugaba? Ashe jikar Buba ce! Ai kunnenmu ya yi kanta da labarin hoton nan. Shiga, kar ki motsa."

Ta kan gonaki muka bi, kawunan dawa na goga mana gefe. Wajen tsohuwar hanya igiyar ruwa ta juya mu sau biyu, gorar tuƙinsa ta kasa taɓa ƙasa, ruwa ya fara shigowa. Ya cillo mini kwano. "Kwashe! Salatin ki yi shi kina kwashewa!" Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ga fuskar Inna a idona.

Ƙauyenmu, tara da minti goma

Tsit, ko kukan kaza babu. Ga tsamiyar da muke gaɗa a ƙarƙashinta, ga turmin Inna yana yawo a tsakar gida. Na so in zauna ko na minti ɗaya, babu wurin zama.

A ɗakin Kaka ruwa ya kai mini gwiwa. Hoton ya zame ya maƙale a kan gado, gilashin ya fashe. Ta cikin laka na hango su: shugaba da doguwar hula yana murmushi, Kaka riƙe da gora. Don in gan su sosai, sai na sa gefen hijabina na goge, kamar yadda Inna ke yi duk Juma'a. Fuskokin suka biyo hijabin. Hular kawai ta rage, da hannun Kaka.

Da kuka na dawo, ban ma san mun wuce wurin igiyar ruwan ba.

Haɗeja, biyu saura kwata

Kaka yana fama da yanar ido, da na yi shiru ba zai gani ba. Ya karɓi hoton, ya shafa da babban yatsa.

"Ruwa ya ci?"

"Ni ce na goge, Kaka."

Ya sake shafa hoton.

"Kafin ki goge, kin gan shi?"

"Na gan shi."

"Yana nan yana murmushin?"

"Yana yi."

"Ranar tsoron ruwa yake, kamar ke," ya ce. Ya tura hoton ƙarƙashin matashi. "To amarya, ina kunun?"

Na gode wa Allah da ya dawo da ni, na gode wa Baba mai kwalekwale. Hijabin yana nan, ban wanke ba.