Tarwadar Bayan Gidanmu

Kawuna ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya rungumi fatsa, tare da wani ilimi da babu wanda ya koya masa. A cewarsa, tarwadar rafin bayan gidanmu a unguwar Kamazou 'yar asali ce, ba ta taɓa haɗa jini da ta tsallaken kogin Kaduna ba. Ta can, in ji shi, ƙaton kai gare ta, namanta kuma warin taɓo.

Sai ƙanwata ta zo daga jami'a da almakashi da 'yan kwalabe, tana binciken dangantakar kifayen rafukan gari. Takan ɗan yanki gefen wutsiyar kifi ta mayar da shi ruwa. Kawu ya bi ta har rafi yana ba ta lacca, yana takaicin farfesun da take saki.

Da ta kawo sakamako ta ce, "Kawu, jininsu ɗaya fa. In ruwa ya cika da damina sukan gangara kogin Kaduna, su haura rafin da ya yi musu, su hayayyafa abinsu."

Kawu ya ce injin makarantarsu ne ya lalace. Ban yi mamaki ba. Tun da rikici ya sa muka kwaso kaya muka dawo kudancin kogin, bai taɓa tsallaka gada don ya gaida tsohon maƙwabci ba. Tarwada, wadda ko takalmi ba ta da shi, ta fi shi zumunci.