Malam Habu Mai Almakashi

Duk wanda ya yi ƙaramar sakandaren garinmu ta wajen Bunkure a shekarun tamanin ya san Malam Habu ba ya shiga aji sai da almakashi. Sauran malamai alli suke riƙewa, shi kuwa almakashin tela ne a aljihun gaba, da tsohon buhun siminti a hammata. Zai rubuta kalmar Turanci a jikin takardar buhun, ya ɗaga kowa ya gani, sannan ya datsa ta gida uku.

"Ga kai, ga ciki, ga wutsiya. Bature bai fi ku komai ba, haɗe-haɗe kawai ya iya."

Daga nan ya fito da yara uku, wannan ya riƙe un, wancan happy, na ƙarshe ness, su jeru kafaɗa da kafaɗa. In ya kori na farko ya koma benci, shi ke nan baƙin ciki ya zama farin ciki. Ƙanen mahaifiyata ne, amma ranar da bakina ya suɓuce na ce masa Kawu a aji, yini na yi a tsaye riƙe da wutsiya.

Wajen tattali kuwa, ku da kuka zauna da shi ba sai na faɗa muku ba. Hedimasta ya taɓa tausaya masa ya kawo masa kwali fari sol daga Kano. Malam ya shafa, ya shinshina, ya ce wannan ai ya fi ƙarfin yanka, ya kulle a kabad. Har ya yi ritaya kwalin yana nan, gara ce kaɗai ta yi karatu da shi.

Babban abokin gabarsa shi ne rani. Da an saki ruwa a kanal, tumatir ya nuna, sai aji ya watse, iyaye su kwashe mu zuwa gona. Ni ma ƙafata ɗaya a aji take ɗaya a fangalin gona, don Baba ya sha faɗa cewa bana zan ajiye boko in kama fartanya, kuma Baba ba ya magana biyu. Malam bai tsaya roƙon kowa ba, ya hau kekensa ya biyo mu gonar. Ya riƙa rubuta kai da wutsiya da gawayi a jikin kwandunan tumatir, muna tsinka muna maimaitawa. Wata safiya ya iso ya tarar an loda rabin kwandunan a mota, saura wutsiyoyi zalla a bakin hanya. Wallahi haka ya taka keken nan har Kwanar Gafan, ya tare direba yana haki.

"Direba, ka tafi mini da kawuna!"

Direban ya leƙa bayan motarsa a tsorace, ya rantse shi tumatir kawai ya ɗauko. Da aka fahimtar da Malam cewa kayan Ikko za su, sai ya haƙura, ya ce Allah ya amfanar da mutanen can, amma a sanar da su rabin karatu aka aika musu.

Ana nan ranar da za a sako wa gonarmu ruwa ta faɗo daidai da ranar jarrabawa. Baba zai kai kaya kasuwa, ya ce in je in yi wa albasa ban ruwa, kuma daga ranar gona ce makarantata. Na ci kuka na ƙoshi. Da sassafe sai ga Kawu a ƙofar gida ya naɗe wando.

"Yaya, bar yaro ya tafi aji. Ni zan yi ban ruwan."

Baba ya tambaye shi ko ya taɓa riƙe fartanya. Ya ce ai ruwa ma kai ne da ciki da wutsiya. Kunyar suruki ta hana Baba musu.

Malam ya buɗe wa ruwa hanya kamar yadda ya ga ana yi. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne in fangali ya cika, toshewa ake yi a juya zuwa na gaba. Ya bar ruwa yana ta kwarara, ya tara yaran gonar maƙwabta a inuwa yana yanka musu kalmomi. Da Baba ya dawo da la'asar, albasa iyo take yi, Malam kuma yana tsakiyar gona, taɓo har gwiwa, ya ɗaga almakashinsa sama kada ya jiƙe.

"Yaya, kan dai ya yi kyau. Wutsiyar ce ta gagara."

Baba ya ƙare wa gonarsa kallo. Can ya ce, "Habu, na bar maka yaron, ya yi ta karatu har Ingila. Amma ka rantse mini ba za ka sake taimakona ba."

Ingila dai ban je ba, amma ban bar makaranta ba, kuma yau da almakashin nan nake shiga nawa ajin. Duk sanda na ɗaga shi sai kewar Kawu ta kama ni. Allah ya jiƙan Malam Habu, ya yafe masa albasar Baba, ya buɗe wa kabarinsa rahama irin buɗewar da ya yi wa ruwan nan, kada a toshe.